Darasin Kimiyya: Yadda Daidaitaccen Haske Ke Tono Abin Da Hazo Ya Ɓoye

Duk direban da ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da dare a tsakiyar hunturu ya san wani abu mai ɗaure kai. Idan hazo ya yi kauri, sai ya kunna babbar fitila don ya ƙara gani, amma maimakon hanya ta buɗe, sai wani farin bango ya tokare masa gaba. Da ya koma ƙaramar fitila, sai ya ɗan hango kwalta. An ƙara haske, gani kuma ya ragu. Wanda ya fahimci dalilin wannan ya kama rabin darasinmu na yau. Ɗaya rabin shi ne dabarar da masana suka samo ta magance matsalar, ta amfani da wani hali na haske da idon ɗan'adam bai cika lura da shi ba.

Me ke hana gani a dagulallen mahalli?

Mu fara da ma'ana. A wannan darasi, dagulallen mahalli shi ne duk wani abu da haske ke ratsawa alhali yana cike da ƙananan ƙwayoyi da ke yawo a cikinsa: iska mai ƙura ko hayaƙi, hazon safiya mai ɗauke da ɗigon ruwa, ruwan kogi mai laka, ruwan teku mai ƙananan halittu, madara, har ma fatar jikin mutum.

Ba ma ganin abu sai haske ya taso daga jikinsa ya shigo idonmu. Itace da jaki da mota ba su da hasken kansu. Hasken rana ko na fitila ne ke sauka a kansu, su kuma su mayar da wani kaso daga ciki. A iska mai tsabta wannan haske yana tafiya miƙe har ido, kowane gefe na abin ya sami gurbinsa, siffa ta fito sarai. A dagulallen mahalli kuwa abu biyu ke samunsa a hanya. Na farko shanyewa: ƙwayoyin su tsotse wani kaso, ya koma ɗumi, ya ɓace. Na biyu warwatsuwa: haske ya ci karo da ƙwaya, ta karkatar da shi zuwa wata fuskar dabam.

Asarar tana ninkuwa da nisa. Ku ɗauka a wani ruwa rabin haske ne ke tsira a kowace mita. Bayan mita 1 saura kashi 50 cikin 100, bayan mita 2 saura 25, bayan mita 5 kimanin 3, bayan mita 10 kuwa abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba.

Da a ce asara ce kaɗai matsalar, da ƙara fitila ya wadatar. Amma warwatsuwa tana da ɓarna ta biyu, kuma ita ce babba. Ƙwayoyin da ke tsakaninku da abin su ma suna samun haske daga rana ko fitila, suna kuma jefo wani kaso cikin idonku. Wannan hasken bai taɓa abin da kuke son gani ba, ba ya ɗauke da labarinsa ko kaɗan, amma yana shiga ido tare da na gaskiyar. Za mu kira shi labulen haske. Gwargwadon nisan abu, gwargwadon yawan ƙwayoyin da ke tsakani, gwargwadon kaurin labulen. Ido kuwa yana rarrabe abu ne da ratar haske tsakaninsa da abin da ke bayansa, kuma idan ratar ta gaza kusan kashi 2 cikin 100, abin ya saje ke nan. Babbar fitilar direba tana fara haska ƙurar da ke dab da mota, wadda ta fi kowa samun ƙarfin hasken, ita kuma ta mayar masa da shi a ido. Labule ya ƙara wa kauri da hannunsa.

To, tambayar ita ce: tun da hasken abu da hasken labule sun cakuɗe kafin su iso, akwai wata alama da za a bi a ware su? Launi ba ya isa, domin ɗigon hazo yana warwatsa dukan launuka kusan daidai wa daida, shi ya sa ma ya zama fari. Sai an koma ga yadda haske yake a asalinsa.

Haske da layin kaɗawarsa

Ku ɗaura doguwar igiya a turke, ku riƙe ɗaya bakin, ku riƙa kaɗa hannu sama da ƙasa. Za ku ga tudu da kwari suna gudu a jikin igiyar zuwa turken. Ku lura da kyau: tudun yana tafiya gaba, amma ita igiyar sama da ƙasa kawai take motsi. Kuna iya kaɗa ta hagu da dama, ko a karkace, ko ku riƙa juya hannun kamar mai tuƙa tuwo, tudun ya tafi yana murɗawa. A duk waɗannan, tafiyar ɗaya ce, zuwa turke. Layin kaɗawar ne ya bambanta.

Haka haske yake. Masanin nan na Sikotlan, James Clerk Maxwell, ya nuna a shekarun 1860 cewa haske kaɗawa ce ta ƙarfin lantarki da na maganaɗisu, wadda ke gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya a sarari, da kimanin kilomita 225,000 a cikin ruwa. Dangin igiyoyin rediyo ne. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango na mita 19 ko mita 31. To, tsawon zangon hasken da muke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700 ne kacal, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Tsawon zango shi ke ba da launi: shuɗi a gajeren ɓangare, ja a dogon. Girman kaɗawar shi ke ba da ƙarfin haske. Hali na uku shi ne layin da ƙarfin lantarkin ke kaɗawa a kai, wanda kullum yake gicciye da hanyar tafiya.

Rana da wuta da ƙwan lantarki suna fitar da haske daga ƙwayoyin zarra bila adadin, kowace tana kaɗawa yadda ta ga dama. Wannan shi ne haske barkatai. Idan kuwa dukan kaɗawar ta hau layi ɗaya, shi ne daidaitaccen haske. A littattafan kimiyya ana kiran wannan hali folarizeshan. Daidaito iri biyu ya shafe mu. Akwai miƙaƙƙe, mai kaɗawa a layi ɗaya tak, a tsaye ko a kwance ko a karkace. Akwai kuma mai juyi, wanda layinsa ke murɗawa yayin tafiya, ko ta dama ko ta hagu. Yawancin hasken da muke cin karo da shi gauraye ne, wani kaso daidaitacce, wani barkatai, don haka ake auna shi da ma'aunin daidaito, daga sifili zuwa kashi 100.

An daɗe da cin karo da wannan hali kafin a gane shi. A 1669 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Erasmus Bartholin, ya bayyana wani garai-garan dutse da ake samowa daga tsibirin Aislan, wanda idan aka ɗora shi a kan rubutu sai rubutun ya zama biyu. A 1808 Étienne-Louis Malus, injiniyan soja a Faransa, yana kallon hasken faɗuwar rana da ke dawowa daga tagogin fadar Luxembourg ta birnin Paris ta cikin irin wannan dutse, sai ya ga idan ya juya dutsen, siffofin biyu suna dusashewa bi da bi. Daga nan aka gane cewa gilashin taga ma yana daidaita haske.

Matacin haske

Na'urar da ke barin kaɗawar layi ɗaya ta wuce, ta tare ta ɗaya layin, ita ce matacin haske. Wanda ya mayar da shi abu mai araha shi ne Ba'amurke Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid. Samfurin da ya fitar a 1938 shi ake bi har yau: a ja fallen roba har dogayen ƙwayoyinsa su miƙe su jeru, sannan a rina shi da aidin. Kaɗawar da ta bi tsawon jerin sai a shanye ta, wadda ta gicciye shi kuma ta wuce. Irin wannan falle yana jikin allon kwamfuta, da na kalkuleta, da wasu tabarau na rana.

Idan haske barkatai ya bi ta mataci, rabinsa ne ke fita, a mafi kyawun hali, kuma ya fita daidaitacce. Idan aka sa mataci na biyu a gabansa, abin da zai wuce ya danganta da kusurwar da ke tsakanin layukan matatan biyu. Dokar Malus ta ce a ɗauki kosain ɗin kusurwar, a ninka shi da kansa, a ninka da ƙarfin hasken da ya shigo. Wanda bai kai ga kosain ba tukuna ya riƙe waɗannan: a digiri 0 duka ya wuce, a digiri 30 kashi uku cikin huɗu, a digiri 45 rabi, a digiri 60 rubu'i, a digiri 90 babu ko kaɗan. Matatai biyu da suka gicciye juna a digiri 90 duhu suke bayarwa. Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa aka gina duk abin da zai biyo baya.

Inda daidaito ke samuwa, da inda yake lalacewa

Hanya ta farko ita ce wadda Malus ya gani: dawowar haske daga fuska mai santsi, kamar ruwa ko gilashi. David Brewster ya nuna a 1815 cewa akwai wata kusurwa da hasken da ya dawo ke zama daidaitacce gaba ɗaya; ga ruwa kimanin digiri 53 ce daga tsaye, ga gilashi kimanin 56. Ƙyallin da ke kan tafki yana kaɗawa ne a kwance. Shi ya sa tabarau mai mataci a tsaye ke kashe ƙyallin, masunci ya hango abin da ke ƙarƙashin ruwa.

Hanya ta biyu ita ce warwatsuwa, kuma a nan ya kamata mu yi sannu. Idan haske ya faɗa kan ƙwayar da ta fi tsawon zangonsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ƙarfin lantarkinsa yana girgiza lantarkin da ke cikin ƙwayar, ita kuma ta fitar da sabon haske. Amma lantarki mai girgiza ba ya jefa haske ta layin da yake girgiza a kai. Gefe-gefe yake jefawa. A ce haske na tafiya daga gabas zuwa yamma. Kaɗawarsa ba ta da wuri sai sama da ƙasa, ko kudu da arewa, ko tsakaninsu. Mai kallo da ke tsaye a kudu ba zai sami komai daga girgizar kudu da arewa ba, tun da a kan layinta yake. Ta sama da ƙasa kaɗai za ta iso masa. Ke nan hasken da ya warwatsu zuwa gefe, a digiri 90, ya zama daidaitacce ba tare da wani mataci ba. François Arago ya lura da haka a sararin sama a 1809, Lord Rayleigh na Ingila kuma ya kawo bayaninsa a 1871, tare da dalilin da ya sa sama take shuɗiya. A rana mai garau, ɓangaren sama da ke digiri 90 daga rana yakan kai ma'aunin daidaito na kusan kashi 70. Idan ƙwayoyin manya ne, kamar ɗigon hazo, lissafin ya fi wuya. Bajamushe Gustav Mie ne ya warware shi a 1908.

Daidaito yana lalacewa ta hanyar yawan karo. Haske da ya yi karo sau ɗaya yana riƙe da tsarinsa. Wanda ya yi karo goma ko ɗari, kowane karo yana karkata layinsa ta wata fuska, a ƙarshe sai ya koma barkatai. Haka ke faruwa a jikin abu mai kaushi. Bulo, itace, tufa, takarda, dutsen ƙarƙashin teku: haske yana ɗan kutsawa cikin ramukansu da zarurrukansu, ya yi ta bugun nan da can kafin ya fito. Ko da daidaitacce ya shiga, barkatai zai fito.

Ga alamar da muke nema ta samu. Hasken labule, musamman na ƙwayoyin da ke kusa, yawanci karo ɗaya ko biyu ya yi, don haka yana da daidaito. Hasken da ya dawo daga abu mai kaushi ba shi da shi. Ido bai san bambancinsu ba, amma mataci ya sani.

Dabarun aiki

Mafi sauƙi ita ce ta gicciye. A sa mataci a bakin fitila, a sa wani a bakin kyamara, a juya su su gicciye juna. Hasken da ya bugi ƙwayoyin ruwa ya dawo nan take yana nan a layinsa na asali, sai matacin kyamara ya tare shi. Wanda ya isa jikin abin ya dawo barkatai, rabinsa zai wuce. An yi asarar rabin hasken abin, gaskiya ne, amma an yi asarar mafi yawan labulen, kuma ratar da ido ke bukata ta dawo. Ciniki ne mai riba.

Ta biyu ita ce ta haske mai juyi, wanda ke da nasa sirrin. Idan ya bugi madubi, ko ƙaramar ƙwaya guda, ya dawo baya kai tsaye, juyinsa yana sauyawa: na dama ya koma na hagu. Sai a sa wa kyamara mataci mai tare juyin hagu. Masu bincike biyu a Amurka, Gilbert da Pernicka, sun wallafa wannan dabara a 1967 don ƙara gani a ƙarƙashin ruwa. Daga baya, a 1989, MacKintosh da abokan aikinsa suka nuna wani abu kuma: a mahallin da ƙwayoyinsa suka fi tsawon zangon haske girma, inda kowane karo ke ɗan karkata haske kaɗan ya ci gaba da tafiya, daidaito mai juyi yana jure karo da yawa fiye da miƙaƙƙe. Ɗigon hazo irin waɗannan ƙwayoyi ne, shi ya sa masu neman hanyar gani a hazo suka mai da hankali kan haske mai juyi.

Dabara ta uku ita ce ɗebe hoto daga hoto. A ɗauki hoto biyu na wuri ɗaya, ɗaya da mataci a tsaye, ɗaya a kwance, sannan kwamfuta ta ɗebe ɗaya daga ɗaya, ɗigo bayan ɗigo. Duk hasken da yake barkatai ya shiga hotunan biyu daidai wa daida, don haka ya soke kansa. Abin da ya saura shi ne mai daidaito kaɗai. Wannan ta dace da akasin halin da muka faɗa a baya, wato inda mahallin ya dagule har labulen ya koma barkatai, abin da ake nema kuma ƙarfe ne ko wani abu mai santsi da ke daidaita haske. A Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Rowe da Pugh da Tyo da Engheta sun gwada haka a 1995: suka rataya faifan alminiyam a cikin ruwan da aka zuba wa madara. Rahoton da suka fitar a 1996 ya nuna cewa alamomin jikin faifan, waɗanda ma'aunin daidaitonsu bai kai kashi 1 cikin 100 ba, suna fitowa a hoton ɗebewa bayan sun ɓace a hoto na yau da kullum, kuma nisan da ake iya gano su ya ninka sau 2 zuwa 3.

Ta huɗu ita ce ta fi burge ni, domin ba ta bukatar fitila, kuma lissafinta ɗan aji uku na sakandare zai iya bi. Yoav Schechner da Srinivasa Narasimhan da Shree Nayar ne suka gabatar da ita a 2001 a Jami'ar Columbia da ke New York, don share hazo daga hotunan rana. Bari mu yi misali da lambobin da muka zaɓa don sauƙi. A ce a wani ɗigo na hoto, inda wani gini mai nisa yake, jimillar hasken da ya iso 100 ne, kuma ba mu san nawa ne na ginin, nawa ne na labule ba. Mun juya mataci har hoton ya kai iyakar haskensa, muka auna 70. Mun juya digiri 90, muka auna 30. Bambanci 40. Tun da hasken ginin barkatai ne, ya rabu biyu daidai, bai sa hannu a wannan 40 ɗin ba. Duka na labule ne. Yanzu sai mu duba wani ɓangare na hoton inda babu komai sai hazo, kamar sama dab da inda ta haɗu da ƙasa. A can mun auna 120 da 40. Bambancinsu 80, jimillarsu 160, wato ma'aunin daidaiton labulen rabi ne. To, idan bambanci rabin labule ne, kuma bambancin a kan ginin 40 ne, labulen da ke kansa 80 ne. Ɗebe 80 daga 100, saura 20. Hasken ginin ke nan, an tsame shi.

Ba a nan aka tsaya ba. Labulen da ba shi da iyaka 160 ne, na kan ginin 80, wato rabi. Ka'idar ita ce, gwargwadon abin da labule ya cika, gwargwadon abin da hasken abu ya rasa a hanya. Ke nan rabin hasken ginin ne ya iso, haskensa na ainihi 40 ne. Kuma tun da kaurin labule yana bin nisa, wannan lissafi ya ba mu, a kyauta, taswirar abin da ke kusa da abin da ke nesa. Kwamfuta tana maimaita shi ga miliyoyin ɗigo. A 2004 Schechner da Nir Karpel na cibiyar Technion da ke Haifa sun kai dabarar cikin teku, har da Bahar Maliya, suka kusa ninka nisan gani sau biyu.

Matsala ɗaya ita ce, kafin a juya mataci a ɗauki hoto na biyu, kifi ya wuce, mota ta matsa. An magance wannan da kyamarorin da ke da ƙananan matatai a kan kowane ɗigo. A 2018 kamfanin Sony ya fitar da irin wannan idon kyamara mai ɗigo kimanin miliyan 5, an jera su huɗu-huɗu a digiri 0 da 45 da 90 da 135, ana samun dukan ma'aunin a ɗauka ɗaya.

Inda ake cin moriyarsa

Halittu sun riga mu. Karl von Frisch ya gano a 1949 cewa ƙudan zuma na gane inda rana take daga tsarin daidaiton sama, ko da ɗan ɓangaren shuɗi kawai suke hange. Rüdiger Wehner ya shafe shekaru yana nazarin wata tururuwar Sahara a Tunisiya, wadda ke komawa raminta miƙe da wannan kamfas ɗin. A teku kuma, Nadav Shashar da abokansa sun nuna a 1998 cewa 'ya'yan sukwid, wata halitta mai hannuwa goma, suna hango ƙananan halittu masu jiki garai-garai daga nesa idan hasken daidaitacce ne, domin jikin abin farautar yana sauya layin kaɗawa.

A asibiti, fata ita ce dagulallen mahallin. Kaso kaɗan na haske yana dawowa daga samanta a matsayin ƙyalli, yana riƙe da daidaitonsa. Sauran ya kutsa ciki, ya warwatsu, ya fito barkatai. Likitan fata da ke amfani da madubin dubawa mai matatai a gicciye yana kashe ƙyallin, ya ga ƙananan jijiyoyin jini da tsarin launin da ke ƙarƙashi, abin da ke taimaka masa ya rarrabe tabo na banza da mai haɗari. Steven Jacques da abokan aikinsa a jihar Oregon sun bi ta ɗaya hanyar, ta ɗebewa, don su ware hasken da ya dawo daga saman-saman fata, inda yawancin sankarar fata ke farawa, su ga iyakarta.

Wani amfanin ya shafe mu kai tsaye. Babban kaso na ƙurar hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon babban Tafkin Cadi, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta zuwa ƙasar Hausa. Daga 2006 zuwa 2023, tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO, na haɗin gwiwar hukumar NASA ta Amurka da takwararta ta Faransa, ya riƙa harbo koren hasken leza mai zangon nanomita 532, daidaitacce, daga nisan kusan kilomita 700, yana auna abin da ya dawo. Ɗigon ruwa mulmulalle ne, idan haske ya buge shi sau ɗaya ya dawo, layinsa bai sauya ba. Ƙwayar ƙura kuwa mai kusurwoyi ce, tana karkatar da wani kaso zuwa layin gicciye; ga ƙurar Sahara, abin da ke dawowa a gicciye yakan kai kusan kashi 30 cikin 100 na wanda ya dawo a layin asali. Da haka ake bambance ƙura da hayaƙin ƙonar daji da gajimare, a kuma san tsayin da kowanne yake. A nan labulen da kansa ne ake bincika.

Iyakar dabarar

Kada a ɗauka an sami tabarau mai ratsa komai. Mataci yana rage hasken da ba a so ne. Ba ya dawo da wanda ya shanye ko ya ɓace a hanya. Kogin da damina ta mayar ja wur da laka a watan Agusta, ba matacin da zai nuna muku gindinsa. A irin wannan ruwa na'urar amsa-kuwwar sauti ake komawa. Idan hazo ya yi kauri har haske ya yi karo ɗaruruwa, labule da abu duk barkatai ne, bambancin hotunan biyu ya koma kusan sifili, kuma raba lamba da abin da ya kusa sifili yana kumbura ƙananan kurakuran kyamara har su cinye hoton. Dabarar rana tana raunana idan rana na gabanku ko bayanku, ko sama ta rufe da gajimare. Ta fi ƙarfi idan rana na gefe. Sannan lissafinmu ya ɗauka hasken abin barkatai ne, alhali gilashin mota da fuskar tafki suna da nasu daidaiton, suna iya ruɗa kwamfuta. Akwai wata hanyar, ta tsame hasken da ya riga isowa saboda miƙe ya taho, wadda ƙungiyar Robert Alfano ta nuna a New York a 1991, sai dai tana bukatar leza da kyamara masu aiki cikin kashi ɗaya cikin biliyoyi na daƙiƙa. A ganina, ninka nisan gani sau biyu ko uku da fallen roba da ɗan lissafi ba ƙaramin abu ba ne ga mai nutso da ke duba bututu ko gindin gada.

Aikin gida. Ku nemi tabarau mai mataci. Ba kowane baƙin gilashin kasuwa ne ke da shi ba. Ku gwada ta kallon farin allon kwamfutar tafi-da-gidanka kuna juya tabaran, idan allon ya yi duhu a wata kusurwa, shi ne. Ku cika kofin gilashi da ruwa mai tsabta, ku ɗiga madara ɗigo ɗaya ko biyu, ku motsa. A ɗaki mai duhu, ku haska tocila ta gefen kofin, ku kalli hasken daga gefe, a digiri 90, kuna juya tabaran a hankali. Za ku ga yana ƙaruwa yana raguwa. Ku ci gaba da ƙara madara ɗigo-ɗigo, kuna maimaita kallon, har juyawar ta daina kawo wani sauyi. Da yamma kuma, dab da faɗuwar rana, ku kalli tsakiyar sama ta cikin tabaran kuna juyawa, amma kada ku kalli ranar kanta. Kowa ya rubuta a ɗigo na nawa sauyin ya ɓace masa, da girman kofin da ya yi amfani da shi, ya kawo aji mu kwatanta.